Yadda Za Ka Bi Sawun Hadari da Wayarka: Jagora Daga Zariya

Wata Talata a ƙarshen Satumba kawuna da ke noma a bayan Shika ya kira ni da hantsi. Ya ɓare masara, yana so ya baza ta a tamfol ta sha rana. Ya ce, "Kai ɗan boko, me wayar taka ta ce yau?" Na duba manhajar yanayin da ta zo da wayar, na ga hoton rana da ɗan gajimare, an rubuta kashi 10 cikin 100. Na ce, "Kawu, ku shanya abinku, yau babu ruwa." La'asar sakaliya gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙura da ledoji, kafin yara su tattare rabin shanyar ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Har yau in muka haɗu wurin suna ko ɗaurin aure sai ya nuna ni ya ce, "Ga mai wayar da ba ta ganin hadari."

Abin da ya fi ƙona mini rai sai daga baya na gano shi. Da na nemo hoton tauraron ɗan'adam na ranar, ashe hadarin yana nan ɓaro-ɓaro tun azahar a kan Ningi, yana tahowa yamma. Da na san inda ake dubawa, da na ba kawu awa uku cur na kwashe masararsa. Daga nan na fara koyon abin, kuma abin da na koya shi zan shimfiɗa a nan.

Kafin mu shiga: ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi inda Ya so. Wannan aiki ba duba ba ne. Ɗan'uwan abin da kakanninmu ke yi ne in sun ga shamuwa ta dawo ta fara sheƙa, ko sun ji iska ta juya, suka ce damina ta ƙarato. Bambancin kawai, mu idonmu yana kaiwa har Tafkin Chadi.

Mataki na farko: ka san ta inda ruwanmu ke zuwa

Iska biyu ke juya shekararmu. Akwai busasshiya da ke fitowa daga Sahara ta arewa maso gabas, ita ce ta hunturu mai fasa leɓe. Akwai mai laima da ke tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Inda suka yi karo ni ina kiransa magamar iska. Wajen Afrilu magamar take wuce Zariya ta yi arewa, a Agusta ta kai can cikin Nijar wajen layin digiri 20 na arewa a taswira, a Oktoba ta dawo ta wuce mu ta yi kudu. Ruwa mai ƙarfi ba a kan magamar yake sauka ba, yana biye da ita a baya da ɗaruruwan kilomita. Shi ya sa a Afrilu za ka ji gari ya yi zufa, laima ta iso, amma shiru babu ruwa.

Ga abin da ke rikita mai koyo. Laimar daga kudu maso yamma take zuwa, amma hadari daga gabas yake tasowa, ta wajen alƙibla ko ɗan kudu da ita. Ka tsaya a filin Idi ko kan dutsen Kufena da safe a watan Yuli ka ɗaga kai: ƙananan gizagizai suna tafiya arewa maso gabas, amma da yamma baƙin hadari sai ya zo musu ta gaba. Dalili shi ne a sama, kamar kilomita 3 zuwa 4, akwai wani kogin iska da ke kwarara daga gabas zuwa yamma duk tsawon damina. Shi ke tuƙa manyan hadura. Sukan tashi a wurare masu tudu da rana ke gasawa, irin tsaunukan Jos, duwatsun Bauchi, tuddan Kamaru, har Darfur, sannan su jeru sahu guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita daga arewa zuwa kudu, su nufo yamma da gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa. Mafi yawan ruwan da yankinmu ke samu, wajen milimita 1,000 a shekara a nan Zariya, irin waɗannan sahun hadarin ke kawo shi.

Kogin iskar nan ba miƙe yake ba, yana lanƙwasa kamar maciji. Kowace lanƙwasa ana kiranta igiyar gabas, kuma duk kwana 3 zuwa 5 wata takan ratsa ta kanmu. In ka taɓa lura a marka cewa ana yin ruwa kwana biyu a jere, a huta kwana biyu ko uku, a sake, to sawun igiyoyin nan ka gani. Ka riƙe su, za mu bi ɗaya har teku.

Mataki na biyu: kayan aiki da agogo

Waya mai intanet, littafin rubutu, gwangwani da rula. A wayar, manhajar Windy ta wadatar wa mai farawa, domin tana da injinan hasashe da hoton tauraro wuri guda. Zoom Earth ma tana da kyau wajen hoton tauraro. Tropical Tidbits na wanda ya fara nisa ne. Ka kuma riƙa bibiyar sanarwar NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wadda ke fitar da hasashen daminar shekara tun farkon shekara, da gargaɗin iska da ruwa na 'yan kwanaki. Ita ce mai hurumin yin gargaɗi, mu 'yan sa-kai ne.

Injin hasashe wata ƙatuwar kwamfuta ce da ke yanka sararin samaniya gida-gida kamar dara, ta ɗauki awon zafi da laima da iska na yanzu, ta lissafa abin da zai faru a kowane gida nan gaba. Uku za ka fi cin karo da su. GFS na Amurka ne, ana kunna shi sau huɗu a rana, yana hange har kwana 16, gidajen daransa kusan kilomita 13. ECMWF na ƙasashen Turai ne, hedikwatarsa a Ingila, gidajensa kusan kilomita 9, kuma galibi shi ake ɗauka ya fi iya lissafi. ICON na Jamus ne.

Agogonsu na UTC ne, wato agogon GMT, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. In ka ga 12Z, ƙarfe 1 na rana ke nan a Zariya. 18Z ƙarfe 7 na yamma. 00Z ƙarfe 1 na dare. Lissafin ba ya fitowa nan take, yakan ɗauki awa huɗu zuwa bakwai. Wanda za ka gani bayan ka karya kumallo yawanci na 00Z ne. Ka duba wannan lambar kullum, kar ka yi ta muhawara da abokinka alhali shi na jiya yake kallo.

Mataki na uku: da safe, ka tambayi injin kayan haɗi, kar ka tambaye shi ruwa

Nan ne na yi kuskure ranar masarar kawu. Taswirar ruwan sama ita ce mafi rauni a duk abin da injinan nan ke fitarwa game da Afirka ta Yamma. Dalilai biyu ne. Tashoshin da ke sakin balan-balan ɗin awon sama a nahiyarmu kaɗan ne, don haka lissafin da gurguwar ƙafa yake farawa. Sannan hadari a farkonsa ƙaramin abu ne da bai cika gidan dara ɗaya ba, injin ba ya ganinsa, kintace yake yi. Sakamakon haka sai ka ga yana zuba yayyafi ko'ina kullum, yana kawo shi da wuri tun azahar, alhali namu na gaskiya a dunƙule yake zuwa, da la'asar ko magariba ko tsakar dare, ya yi wa Samaru jagab ya bar Tudun Wada da ƙura.

Amma injinan sun iya manyan abubuwa: ina laima take, ina iska ta nufa. Waɗannan za ka tambaya, bi da bi.

Fara da ma'aunin raɓa, a Windy sunansa Dew point. Shi ke nuna yawan laimar da ke iskar ƙasa. Layin digiri 15 shi ne kusan inda magamar iska take. In Zariya tana ƙasa da 15, ka manta da ruwa, ko da sama ta yi duhu. In ta haura 20, tulu ya cika. A tsakiyar hunturu za ka ga lambar ta faɗi ƙasa da 5. A Afrilu da Mayu layin yakan yi ta kai-komo, ya hau da dare ya sauka da rana, kuma bin sa kullum ya fi kowace jita-jita faɗa maka ko damina ta zauna.

Na biyu shi ne CAPE, wato ƙarfin da iska ke da shi na tashi sama in an tunzura ta. Ka ɗauke shi kamar fetur a tanki. Matsar da lokacin zuwa ƙarfe 3 ko 4 na yamma ka duba. Ƙasa da 500 babu wani abin kirki. 1,000 zuwa 2,000 akwai mai. Sama da 2,000 in ashana ta samu, za a ji a jika. Sai dai fetur ba ya kunna kansa. Sau da yawa a Mayu za ka ga CAPE ya yi ja wur, rana ta faɗi ba ko ɗigo, saboda wata iska mai zafi a sama ta yi wa ta ƙasa murfi.

Na uku shi ne wanda na fi so, kuma shi ke raba mai kallo da mai bin sawu. Zaɓi taswirar iska, ka ja ma'aunin tsawo daga ƙasa zuwa 700 hPa, wato kusan kilomita 3 a sama. Ja taswirar baya har ka ga daga Sudan zuwa Senegal. Za ka ga iska na kwarara yamma, amma a wasu wurare ta yi gwiwa: a gefen yamma na gwiwar iskar tana gangarowa daga arewa maso gabas, a gefen gabas tana haurowa daga kudu maso gabas. Wani lokaci ma har ta naɗe ta yi zobe. Gwiwar nan ita ce cibiyar igiyar gabas. Manyan hadura sun fi son tashi a kan cibiyar da kuma ɗan gabanta, wato ta yamma da ita. Saboda haka in ka ga gwiwa a kan Chadi ko Borno tana tahowa, ka sa wa yau da gobe ido. In ta riga ta wuce ta kai Neja ko Benin, sau da yawa za a ɗan sarara. Igiyar tana cin kamar kilomita 600 zuwa 700 a rana, ka ga ke nan hadarin da take haifa ya fi ta sauri nesa ba kusa ba, yakan tsere mata.

Ka kuma lura da ƙarfin iskar a 700 ko 600 hPa. In tana da ƙarfi daga gabas alhali ta ƙasa na zuwa daga kudu maso yamma, wannan saɓanin shi ke jera hadari sahu ya ba shi tsawon rai. In iskar sama ta yi laushi, kamar yadda takan yi wasu ranakun Agusta, ba a cika samun iska mai ɓarna ba, sai mamako, ruwa ya zauna wuri guda ya yi ta zuba. Irin wannan ne ke cika rafin Kubanni, ya jiƙa katangar ƙasa har ta zauna.

Daga nan sai ka kwatanta injinan uku. In duka sun nuna laima da mai da igiya, ranar ta nuna. In sun saɓa, ka rubuta "ban tabbata ba" a littafinka, ba abin kunya ba ne. Duk abin da ya wuce kwana uku, ka ɗauke shi a matsayin ishara kawai. Taswirar kwana goma da ake yawo da ita a WhatsApp, an zagaye garinku da jan biro, ba ta da maraba da tatsuniya.

Mataki na huɗu: daga azahar, ka koma kan tauraro

Injin ya faɗa maka ranar. Awa kuma tauraro ne zai faɗa maka, domin shi ba lissafi yake ba, hoton abin da ke akwai yake ɗauka. Taurarin Meteosat na Turai suna tsaye a sama da tekun Guinea, nisan kusan kilomita 36,000, suna aiko hoto duk minti 10 zuwa 15. Mu a nan mun yi sa'a, kusan a ƙarƙashinsu muke.

Zaɓi hoton infrared, mai auna sanyin saman gajimare, domin shi yana aiki dare da rana. Ƙa'idar mai sauƙi ce: iya tsawon gajimare iya sanyin kansa. Wanda kansa ya kai digiri 60 ko 70 ƙasa da sifili ya yi tsiri har kilomita goma sha wani abu, kuma shi ake shafa wa ja ko baƙi a taswira. Kunna hotunan awa biyu da suka wuce su yi ta maimaituwa, ka zuba wa gabas ido. Abin yana cin data, gaskiya, don haka ni sau uku nake buɗewa: bayan azahar, bayan la'asar, da bayan isha'i.

Abu uku kake nema. Shin jan yana faɗaɗa ko yana tsukewa? Shin gefensa na yamma ya yi kaifi kamar an yanka da wuƙa? Kaifin nan shi ne goshin hadarin, inda iska da tsawa suke. Bayansa mai dishi-dishi shi ne yayyafin da ke biyo baya na awa biyu ko uku. Sannan ina ya dosa? Sa yatsa a goshinsa a hoton farko, ka ga inda ya kai a na ƙarshe, ka ja layin a zuci har zuwa kanmu. Yawancinsu yamma suke yi suna ɗan karkata kudu, shi ya sa wanda ya tashi a Jos sau da yawa kudancin jihar Kaduna yake faɗawa ya bar mu da walƙiya kawai, wanda kuma ya taso ta Birnin Kudu ko Ningi namu ne.

Sai lissafi. Ka haddace nisan 'yan garuruwa a miƙe, ba ta hanyar mota ba. Maiduguri kusan kilomita 600, Potiskum kusan 370, Bauchi kusan 250, Ningi kusan 200, Soba kusan 40. Raba da 55. Hadarin da ke kan Ningi ƙarfe 2 na rana zai iya iso mu tsakanin 5 da rabi da 6. Wanda ke Potiskum da magariba, ka sa rai da shi wajen ɗaya zuwa biyun dare. Wanda ya bar Maiduguri da la'asar, in bai mutu a hanya ba, kafin asuba ne. In ya kai Soba kuwa, rufe wayar ka je ka kwashe shanya. Mafi kyau ma ka auna gudunsa da kanka: digiri ɗaya a taswira kusan kilomita 110 ne, ka ga nawa ya ci a awa biyu.

Akwai inda wannan dabara ke cin ƙasa. Wani hadarin a kanmu yake haihuwa. Ƙarfe 3 taswira fes, ƙarfe 4 ga ɗigon ja a kan Ikara, ƙarfe 5 ana ruwa a Sabon Gari. Hoton kuma yakan makara da minti 15 zuwa 30 kafin ya iso wayarka. A ranar da kayan haɗi suka cika, ka haɗa da idonka: gajimaren da ya yi tsiri kamar tarin auduga, kansa ya baje kamar maƙera, ya gama nuna. Iska ta ɗauke, gari ya yi luf, sannan sanyi ya bugo daga gabas, saura 'yan mintuna.

Hadarin farkon damina ya fi kowanne yaye kwano, kuma da dalili. A Afrilu da Mayu iskar da ke ƙarƙashin gajimare busasshiya ce. Ruwan da ke saukowa sai ya ƙone a hanya, ƙonewar ta sanyaya iskar, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa da ƙarfi ta bazu gaba tana tura ƙura. Shi ya sa za a yi iska kamar za ta tashi gari, a ƙare da ɗigo goma. Injinan hasashe ba sa nuna ƙarfin wannan bugun yadda yake, don haka kar lambar iskar da ke Windy ta kwantar maka da hankali. Ƙusar da ta saki a kwano da reshen darbejiyar da ya rataya kan waya, a Maris ake gyaransu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na biyar: gwangwani da littafi

Nemi gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, irin babban na tumatir. Kafa shi a kan turke a fili, nesa da katanga ko bishiya da aƙalla ninki biyu na tsawonsu, inda akuya ba za ta kai ba. Kowace safiya ƙarfe 7 ka tsoma rula, zurfin ruwan a milimita shi ne ruwan da aka yi. Milimita 1 lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta. Zubar, ka mayar.

A littafin ka ja layi huɗu: abin da GFS ya ce, abin da ECMWF ya ce, abin da kai ka ce da safe, da abin da gwangwani ya ce. Ka cika layinka kafin ruwan, ba bayansa ba, domin zuciya gwanar yi wa kanta alfarma ce. Bayan damina ɗaya za ka san halin kowane inji a unguwarku fiye da yadda wani zai gaya maka.

Ga manomi, littafin nan yana da wani amfani. Masana aikin gona a yankinmu sukan ɗauki damina ta zauna in an sami kamar milimita 20 cikin kwana uku, kuma ba a bi shi da fari na fiye da mako ba. Gwangwani zai ba ka rabin farko. Rabi na biyu sai ka koma kan layin digiri 15: in ya yi nisa arewa da mu ya zauna, akwai ƙwarin gwiwar shuka, in har yanzu yana lilo a kan Kano da Katsina, iri mai tsada ya ɗan jira. Haka feshin maganin ciyawa da zuba takin yuriya, ka leƙa gabas tukuna, kar ruwa ya wanke kuɗinka zuwa kogin Galma.

Mataki na shida: ka bi igiyar har teku

Mahaukaciyar guguwar teku ba za ta taɓa zuwa Zariya ba. Tana buƙatar buɗaɗɗen teku mai ɗumin aƙalla digiri 26 da rabi, tana kuma mutuwa in ta hau tudu. Duk wanda ya turo maka saƙo cewa guguwar Amurka ta nufo Arewa, bai san alƙiblar tafiyarta ba. Daga wajenmu take zuwa wajensu. Mafi yawan manyan guguwar Atlantika daga igiyoyin gabas ɗin nan suke tsirowa, waɗanda suka ratsa Chadi da Nijeriya da Nijar da Mali.

Ka zaɓi igiya ɗaya a ƙarshen Agusta, wadda ta ba mu ruwa, ka rubuta ranar. Daga nan zuwa Dakar kusan kilomita 2,700 ne, kwana huɗu zuwa biyar ke nan. Kullum ka nemo gwiwarta a 700 hPa. Ranar da ta faɗa teku, buɗe shafin NHC, cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miami. Duk awa shida suna fitar da taswirar hange ta kwana bakwai: rawaya yiwuwar ƙasa-ƙasa, ruwan lemo matsakaiciya, ja babba. In abin ya ɗauki hankalinsu sai su ba shi lamba daga 90L zuwa 99L. Iska ta kai kilomita 63 a awa, a raɗa mata suna. Ta kai 119, ta zama cikakkiyar guguwa mataki na 1. Mataki na 3 daga 178 yake farawa, na 5 daga 252. Lokacinsu daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ganiyarsa wajen 10 ga Satumba, daidai lokacin da muke fara cin sabuwar masara.

Irma misali ce. Igiyarta ta bar gaɓar Afirka ranar 27 ga Agusta 2017, ta sami suna ranar 30 kusa da tsibiran Cabo Verde, ta daki Barbuda tana mataki na 5 ranar 6 ga Satumba, ta isa Florida ranar 10. Fred kuwa a 2015 ba ta ma jira ta yi nisa ba, a kan Cabo Verde ɗin ta zama guguwa. Amma yawancin igiyoyin a teku suke mutuwa. Ko dai busasshiyar iskar Sahara mai ƙura ta shige su ta shaƙe su, ko iskar sama ta fi ƙarfi ta sare musu kai.

A nan ne za ka koyi amfanin ayarin hasashe. Maimakon a kunna injin sau ɗaya, sai a kunna shi sau da yawa, kowane da ɗan canji a awon farko: na Turai sau 51, na Amurka sau 31. A zana hanyar da kowanne ya ba guguwar, sai taswira ta fito kamar an watsa taliya. In silin taliyar sun haɗu wuri guda, hanyar ta fito. In sun tarwatse, ba wanda ya sani tukuna, kuma wanda ya tsinci sili ɗaya mafi ban tsoro ya yaɗa, neman 'yan kallo yake. Zanen mai kama da mazurari da NHC ke yi a kan hanyar guguwa ma ana yi masa gurguwar fahimta. Yana nuna inda tsakiyar guguwar za ta iya bi ne, kusan sau biyu cikin uku. Ba girman guguwar ba ne, kuma ɓarna takan fita wajensa.

Wannan darasin ka dawo da shi gida. Meteoblue da wasu shafukan suna nuna ayarin hasashen ruwa na gari guda. Ka sa Zariya, ka ga ko ayarin ya haɗa baki.

Mataki na bakwai: in za ka faɗa wa mutane

Da zarar an san kana wannan abu, tambaya za ta yi maka yawa: mai ɗaurin aure zai kafa rumfa, mai bulo ya buga sabo, Hajiya za ta shanya barkono. Ka faɗi abin da ka gani da iyakarsa. "Akwai hadari a kan Bauchi, in bai mutu ba zai iso mu wajen magariba, in Allah Ya so" ta fi "za a yi ruwa" ko "babu ruwa". In NiMet ta fitar da gargaɗi, nata za ka yaɗa, ka ajiye naka.

In hadarin ya iso, ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In bai kai 30 ba, aradu na iya kaiwa inda kake: bar gona, bar filin ƙwallo, kar ka fake a gindin bishiya, shiga ɗaki ko mota, ka jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Kar ka sa babur ko ƙafa a ruwan da ya shafe gada, wanda bai kai gwiwa ba ma yana kayar da ƙato in yana gudu.

Da damina ta ɗauke kuma aikin bai tsaya ba. Ƙurar hunturu mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi. Ka buɗe taswirar ƙura a Windy, in ka ga iskar ƙasa ta yi ƙarfi a can ta ɗaga farin toka, ka ba shi kwana ɗaya zuwa biyu hazo zai rufe Kufena. Mai asma a gida ya tanadi maganinsa, mai tafiya ta jirgi daga Kano ko Kaduna ya kira ya tabbatar kafin ya kama hanya.

Bara da kaka kawu ya sake kira, muryarsa da zolaya. Na ce, "Kawu, ku ba ni minti biyu." Laima tana nan, akwai ɗigon ja ƙarami a bayan Ningi yana faɗaɗa. Na ce ya shanya, amma yara su zauna kusa, kuma ƙarfe huɗu a kwashe ko da rana na ƙwallewa. Ya ce, "To, mun ji, malamin hadari." Ƙarfe huɗu suka kwashe. Hadarin ya karkata kudu ya zuba a Kaduna, Shika ko ɗigo, ya kuma kira ni bayan isha'i don ya tabbatar na sani.